Gonar gwaji da takardar mujalla

Tun shekarar 1922, da aka kafa tashar binciken noma a Samaru kusa da Zariya, tambayar da mai bincike yake yi wa ƙasa ba kasafai take zama tasa ba, domin wanda ya ba da kuɗin gwaji shi ne mai zaɓen abin da za a gwada. Turawan mulki kuwa, da yake auduga da gyaɗa suke bukata saboda masana'antun Ingila, a kansu aka fi zuba himma, gero da dawa da wake suna biye a baya. Mu da muka tashi a wajajen Ƙofa, tsakanin Kankiya da Kusada, mun fara ganin wannan ilmi ne a gonar gwamnati ta Kafin Soli, inda kunyoyi suke miƙe sambal, kowane fili da turkensa mai lamba, alhali gonakin iyayenmu gero ne da dawa da wake a cakuɗe, abin da malaman gona na lokacin suke ɗauka jahilci ne.

Bayan tashar ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, sai aka yi wani aiki wanda har yau nake ganin babu kamarsa a fanninmu. An daɗe ana yi wa manoma wa'azin su shuka auduga a tsakiyar Yuni, su kuwa suna jinkirtawa sai Yuli, ana kiransu masu taurin kai; sai wani mai bincike, David Norman, da abokan aikinsa suka tare a ƙauyukan Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, suna rubuta wanda ya fita gona, da sa'o'in da ya yi, da abin da ya girbe, har ta bayyana cewa a watan Yuni hannun magidanci duk yana kan noman hatsinsa, kuma babu mai hankalin da zai saki cimar iyalinsa saboda auduga, kuma cakuɗa shuka ta fi riba da aminci idan damina ta yi gardama. Hujja ta tabbata a hannun manomi, malamai kuma suka karɓa, wanda ba ƙaramin adalci ba ne.

Irin wannan tahaƙiƙi haƙuri yake ci, haƙuri kuwa da kuɗi ake sayensa. Da kuturtar gyaɗa ta share gonakin Arewa a 1975, shekaru aka ɗauka ana barbara da tankaɗe kafin a sami irin da ke jure mata. Amma daga 1986, da aka karya darajar naira, mujallun waje suka daina zuwa ɗakunan karatu, motocin zagayen gwaji suka kwanta, manyan malamai da dama suka yi ƙaura. Abin da ya rage sai tallafin ƙungiyoyin ƙetare, mai wa'adin shekara uku ko biyar, alhali fitar da sabon iri yakan ci damina goma. Asusun tallafa wa manyan makarantu, TETFund, wanda ya sami wannan suna a 2011, ya rage raɗaɗi, sai dai bai sauya ma'auni ba.

Ma'aunin kuwa shi ne ƙidayar takardu. Kwamitin ƙarin girma na jami'a yana lissafa maƙalar da ta fito a mujallar Turai, wadda sau da yawa sai an biya kuɗin bugunta da dala, amma ƙasidar Hausa da za a karanta wa manomi a dandali kusan ba ta da maki. Saboda haka matashi mai basira yakan yanka bincike ɗaya gida uku, ya guji ƙudujin da ke cinye dawar garinsu, tun da bincike a kansa ba ya ba da sakamako a damina ɗaya. Gwajin da bai yi nasara ba kuwa babu mujallar da ke marmarinsa, sai ya kwana a aljihun tebur, bayan shekara ashirin wani ɗalibi ya nemi tallafi ya sake shi daga farko.