Wa Ya Tsaya Masa? Lamuni a Tiken Ɗan Issa

Duk motar da ta taso daga Maraɗi za ta Katsina sai ta tsaya a Ɗan Issa gaban ƴan duwan, kafin ta wuce Magama ta shiga Jibiya. Tun da Ingila da Faransa suka ja layin iyakar nan a farkon ƙarni na 20, kasuwarmu ta zama mai gida biyu. Yawancin masu sayen dabbobinmu daga wancan ɓangaren suke. Kuɗinsu daban, alƙalinsu daban, kuma wanda ya kora sanka ya ƙetare, ba jandarman da zai bi maka shi. Duk da haka iyayenmu sun yi ta ba da shanu bashi ga mutanen da ba su san ƙofar gidansu ba, kuma galibi kuɗin na dawowa.

Mahaifina dillali ne a tike, shi ya sa na san yadda abin ke tafiya. Bafulatani ya kawo bijimi, ba ya magana da mai saye. Igiyar yake miƙa wa dillalinsa, ya koma gefe ya tsuguna. Masu saye su yi ta tayi, wannan ya ɗora a kan na wancan, dillali na cewa albarka, har a kai inda mai dabba zai gyaɗa kai a sallama. Daga wannan lokacin mai dabba ba ya bin kowa kuɗi sai dillali. In mai saye baƙo ne, tambaya ɗaya ake yi: wa ya tsaya masa? Dole ya kasance yana da fatoma, mai masaukin da ya san garinsu da ubangidansa, wanda zai ce a gaban shaidu ya lamunce. La'adar da ake ba dillali, wadda yara ke gani kamar kuɗin surutu, kuɗin wannan nauyin ce. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Wannan tsari ba namu ba ne mu kaɗai. Wani masani, Abner Cohen, ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960 yana nazarin kasuwar shanun Hausawa, ya tarar kusan duk cinikin bashi ne. Mahauta Yarbawa na ɗaukar shanu sai bayan makonni su biya, kuma bashin da ke yawo a kasuwar a kowane lokaci ya kai kimanin fam 100,000, ba takarda ba kotu. Masu gida, wato masu masaukin da ke aikin fatoma a can, su ne ke riƙe da shi. Mahaucin da ya yi taurin bashi, a haɗa baki a daina sayar masa, sai ya biya. Emmanuel Grégoire kuma, a littafinsa na 1986 kan alhazan Maraɗi, ya nuna yadda dukiyar gyaɗa, daga baya ta taba da atamfa da ake ƙetarawa da su Nijeriya, ta ginu a kan amana tsakanin ubangida da baransa, da tsakanin abokan hulɗa na Maraɗi da na Katsina da Kano.

Ba ina cewa mutanen da waliyyai ba ne. Akwai mayaudara, akwai dillalan da ke haɗa baki da wani ya riƙa ɗaga tayi alhali ba saye zai yi ba, abin da hadisi ya hana ƙarara. Abin da ya riƙe kasuwa shi ne mai ƙin biya yana da abin da zai rasa. Sarkin tike ya kira fatomansa, labari ya bi motocin dabbobi ya isa Jibiya da Maraɗi, mako na zagayowa ba dillalin da zai karɓi tayinsa. A mazhabar Malikiyya da muke bi, ciniki ya ɗauru da zarar an faɗa an amsa, ko ba a tashi daga wurin ba, don haka malamin unguwa ma ba zai ba shi mafita ba.

Shekarar da aka gwada wannan tsari har ƙashi ita ce 1984. A watan Afrilu gwamnatin Janar Buhari ta canza takardun naira, ta rufe iyakoki, ba a buɗe ba sai 1986. Ga fari, ga yunwar da mutanen ƙasar nan suka laƙaba wa suna El-Buhari. Wani mai saye daga wajen Katsina ya ɗauki bijimai biyu a hannun Baba kwanaki kaɗan kafin rufewar, da alkawarin kasuwa mai zuwa. Kasuwa ta ci, bai zo ba. Mai shanu ya zo ya zauna a zaurenmu, bai ɗaga murya ba, ruwa kawai yake karɓa. Baba ya sayar da saniyarsa da amalanken gida ya cika masa kuɗinsa, a shekarar da damin gero ya fi komai daraja. Kawuna ya ce masa, "Yaya, ai kowa ya san ba laifinka ba ne." Baba ya ce, "Ba laifi ya zo nema ba, kuɗinsa ya zo karɓa." Mutumin Katsina ya ɓullo bayan watanni ta hanyar daji, da rabin kuɗin. Sauran rabin a hankali ya biya, da buhunan masara.

Matsalar kuɗi biyu kuwa ba ta taɓa barinmu ba. Da aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, an sha rigima kan tsofaffin basuka: da naira aka yi magana ko da jikka? A 2023 kuma, da naira ta yi ta zubewa, mai jinkirta biya wata guda ya riga ya ci wani abu daga kuɗinka ko da ya biya cif.

Yanzu tiken ya shiga salula. Gab da Layya samari na ɗaukar hoton ragunan balami su saka a rukunin WhatsApp, a yi ta tayi har dare, wanda ya fi ɗorawa a ce an sallama masa. Ɗan ƙanwata ya yi haka da wani rago da ya kwashe watanni yana turkawa da dusa da harawa. Wani ya doke kowa da tayi, aka sallama masa, ya ce gobe zai turo kuɗi. Goben ta zama jibi. Sai ya turo hoton rasit, aka je wurin karɓar kuɗi ba komai. Daga nan lambar ta daina shiga. Kafin yaron ya farga, masu tayi na gaskiya sun sayi nasu a wani wuri, Sallah ta wuce, farashi ya faɗi. Ya zo yana huci: "Kawu, wa zan kai ƙara?" Na tambaye shi wa ya tsaya wa mutumin. Ya ce ai shi ya sa ya saka a waya, don kada dillali ya ci la'ada.

A takarda, doka na da magani. Nijar na cikin ƙasashen OHADA, masu dokar kasuwanci iri ɗaya, tun yarjejeniyar 1993, kuma a gwanjon da kotu ta yi umarni da shi, wanda ya ci tayi ya kasa biya, ana sake sayar da kayan a kansa. Amma wannan na mutumin da ke da suna da adireshi ne a hannun mai gwanjo. Lambar waya da hoton masallaci a fuskarta ba ta zuwa kotu, balle in mai ita yana ƙetaren iyaka.

Dabarar da samarin suka koma wa ita ce kafin alƙalami: ka ci tayi, ka turo wani abu nan take, in ka fasa ya tafi. Malamai sun tsoma baki, domin Imam Malik ya hana riƙe irin wannan kuɗi in ciniki ya warware, ko da yake Hambaliyya sun yarda. Ni dai ina ganin ya fi sauƙi a kan kowa a yi abin da wasu rukunonin suka fara: ba a saka baƙo sai wani ɗan ciki ya kawo shi ya lamunce masa, ana ajiye sunan mai tayi na biyu har kuɗi su shigo, kuma dabba ba ta hawa mota da hoton rasit. Mai kula da rukunin ɗan ƙanwata ya ɗauki wannan tsari bana. Kuɗi na fara shiga hannunsa, shi ke miƙa wa mai rago, yana kuma cire ɗan wani abu a kan kowane kai. Yaran sun yi gunaguni, sannan suka biya.