Elmina: Inda Hanyar Gwanja Ta Tuƙe da Teku

Kowa a garinmu ya tashi da labarin fataken Gwanja, masu kai kanwa da tufafi Salaga su dawo da goro. Abin da ba a cika faɗa mana ba shi ne, hanyar ba a Salaga ta ƙare ba. Ta zarce Kumasi, ta gangara har bakin teku, kuma ba goro kaɗai aka yi cinikinsa a kanta ba, har da 'yan Adam.

A bakin tekun nan ne ganuwar Elmina take, kimanin kilomita 150 yamma da Accra. Turawan Fotugal suka gina ta a 1482, kuma zinariya ce ta kawo su. Da farko ma bayi suke sayowa daga ƙasar Bini su sayar wa 'yan kasuwar Akan a ba su zinariya. Da gonakin rake suka bunƙasa a nahiyar Amurka, sai ciniki ya juya, ɗakunan ajiyar kaya suka koma kurkukun mutane. A 1637 Turawan Holan suka girke igwa a kan tudun da ke fuskantar ganuwar, suka ƙwace ta, suka riƙe har 1872 da suka miƙa wa Ingila. Daga nan ne namu suka shigo labarin da bindiga a kafaɗa, domin akwai dakarun Hausawa cikin rundunar Ingila da ta yi yaƙi a Elmina a 1873, shekarar da aka ragargaza tsohon garin. A nan kuma aka tsare Sarkin Asante Prempeh na Ɗaya a 1896.

Yau mai ziyara zai fara ratsa hayaniyar masunta da ɗaruruwan kwale-kwale masu tutoci kafin ya isa farin ginin, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1979. Daga nesa kamar fadar sarki. Ciki kuwa, ɗan jagora zai kai ka kurkukun mata, inda duhu da warin danshi suke tarbar mutum, ya nuna maka barandar da gwamna ke tsayawa yana zaɓen wadda za a hawo masa da ita. A saman wannan ɓangare Turawan Holan suka yi ɗakin ibadarsu. Ni wannan ya fi tsaya mini a rai fiye da sarƙoƙin.

Daga ƙarshe sai wata 'yar siririyar ƙofa da ake kira ƙofar da ba a dawowa, wadda mutum ɗaya kawai take ɗauka. Baƙaƙen fatar Amurka kan ajiye furanni a wurin, wasu suna kuka. Mu da muka je daga zangon Accra muka yi tsit, domin babu wanda ya san ko kakansa yana cikin waɗanda aka fitar, ko yana cikin waɗanda suka sayar a Salaga. Wani dattijo a cikinmu ya ɗaga hannu, muka shafa fatiha.