Wasan Manoma: Sa'ad da Jami'ar Zariya Ta Fita Ƙauye

Mazaunin unguwar Domayo ta birnin Marwa ya ga zuwan jami'a da idonsa, domin a shekarar 2008 aka kafa Jami'ar Marwa, ta Garwa kuwa sai a 2022. A cikin aji da Faransanci ake karatu, wani lokaci da Ingilishi. A kasuwa kuwa Fulatanci ke ci, sai Hausa a bakin fatake. Saboda haka duk ranar da jami'a ta yi shelar lacca ta kowa da kowa, akwai tambayar da ke biye da shelar: su wane ne kowa da kowan? Wannan tambaya ta girmi jami'o'in arewacin Kamaru. An yi fama da ita a Zariya tun wajen 1975, kuma amsar da aka gwada a can ta shafi ɗalibin Hausa kai tsaye, tun da yake da Hausa aka ba da ita.

An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 a Samaru, wurin da tun zamanin Turawa yake da tashar binciken aikin gona. Ilimin noma yana cikin shinge, manoma suna bayansa. A 1975 aka fara koyar da wasan kwaikwayo a ƙarƙashin Sashen Ingilishi, bisa jagorancin Michael Etherton, wanda ya zo daga Jami'ar Zambiya inda ya taka rawa wajen kafa dandalin Chikwakwa. Ba a gina wa ɗaliban zaure irin na Turai mai labule da kujeru a jere ba. Wani maginin Amurka, Steven Ehrlich, ya tsara musu dandali na ƙasa, bisa fasalin gidan Bahaushe: ɗakuna kewaye, fili a tsakiya. Wanda ya saba da tsakar gida ba zai ji baƙunta a wurin ba. Sai dai ginin, duk da kyansa, yana cikin jami'a, manomi kuwa ba ya shiga jami'a sai da dalili.

Don haka aka juya al'amarin. A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirinta na ciyar da ƙasa, rediyo ya cika da kiran a koma gona. A 1977 malamai da ɗalibai suka tafi yankin Soba, suka zauna da manoma, suka ji yadda shirin yake a idon wanda ke riƙe da fartanya, sa'an nan suka mayar da abin da suka ji wasa, suka nuna shi da Hausa a gaban mutanen da suka ba da labarin. Wannan shi ne Wasan Manoma. Daga baya aka yi irinsa a Maska, wadda ke cikin yankin shirin bunƙasa noma na Funtuwa da Bankin Duniya ya tallafa, aka kuma yi a Bomo, ƙauyen da ke maƙwabtaka da jami'ar. A Samaru ma ɗalibai sun riƙa fita unguwanni suna wasa a fili.

A nan ya kamata mai nazari ya yi hattara, kada ya ɗauka cewa jami'a ce ta kai wa Bahaushe wasan kwaikwayo. Tashe yana nan cikin watan azumi, yara suna kwaikwayon manya suna yi musu shaguɓe. Wasan gauta yana nan a fada, inda mata ke kwaikwayon sarki da fadawansa. Akwai kalankuwa bayan kaka, akwai 'yan kama. Rubutaccen wasa ma ya riga ya samu, kuma tun farkonsa da manufar koyarwa ya zo: Wasan Marafa na Abubakar Tunau tsabta da kiwon lafiya yake koyarwa. To, mene ne sabo?

A ganina sabon abu shi ne wanda ya zaɓi matsalar. A wasan faɗakarwa na da, hukuma ta riga ta san cutar ta kuma san maganin, aikin ɗan wasa kawai ya zuba maganin cikin zuma. Idan amfanin gona ya yi ƙaranci, laifin jahilcin manomi ne, sai a koya masa sa taki. Da aka zauna aka saurari manomin, sai magana ta sauya: ya san amfanin taki sarai, abin da yake tambaya shi ne hannun da takin ke bi kafin ya iso gare shi, da wanda ke cin riba a tsakani. Wasan da ya tashi daga irin wannan hira ba zai tsaya kan tsabtar rijiya ba, dole ya taɓa masu iko. Kuma zamanin ya dace da haka, domin a 1979 ne gwamnatocin Balarabe Musa a Kaduna da Abubakar Rimi a Kano suka soke haraji da jangali, maganar talaka da sarauta tana bakin kowa.

Hanyar aikin ma ta yi ta canzawa. Da fari ɗalibai ne ke tattara bayani, su tsara wasa, su kawo shi a gama. Sannu a hankali aka gane cewa wannan ma wani nau'in lacca ne, an dai sa mata riga. Sai aka koma ga sa mutanen gari su shiga wasan da kansu, a tsayar da shi a tsakiya a tambayi 'yan kallo abin da ya kamata wane ya yi, a gwada shawararsu nan take a ga inda za ta kai. Tasirin Paulo Freire da Augusto Boal, 'yan ƙasar Barazil, a bayyane yake a nan. Zariya kuma ba ita kaɗai ba ce: an yi Laedza Batanani a Botswana tun 1974, an yi Kamiriithu a Kenya, inda wasa da harshen Gikuyu ya jawo aka tsare Ngugi wa Thiong'o a ƙarshen 1977.

Labarin Ngugi ya nuna haɗarin abin, amma a ƙauyen Hausa haɗarin ba a kan malami ya fi sauka ba. Ɗalibi zai yi kwanakinsa, ya sami makinsa, ya hau motar jami'a ya koma Samaru. Manomin da ya tashi a dandali ya kwaikwayi mai rabon taki, har jama'a suka gane wanda ake nufi suka yi dariya, shi zai kwana a garin, kuma wajen mutumin nan zai koma neman taki da damina. Masu aikin da kansu sun yarda da wannan rauni, sun kuma yi rubutu a kansa: wasa yana iya buɗe baki, amma idan babu wata ƙungiya a garin da za ta ɗauki maganar bayan baƙi sun tafi, an bar mutane da ƙura. Kalandar jami'a ma ba ta san damina ba, zangon karatu take bi.

Neman maganin wannan rauni na cikin abin da ya sa aikin ya fara fita daga hannun sashen jami'a kaɗai. A 1989 Oga Steve Abah, ɗaya daga cikin waɗanda suka taso a wannan makaranta ta Zariya, tare da abokan aikinsa, suka kafa ƙungiyar wasan kwaikwayon jama'a ta Nijeriya, domin a riƙa aiki da ƙungiyoyin gari na dindindin. Kafin nan salon ya riga ya shiga Kamaru ta kudu: a 1984 Hansel Ndumbe Eyoh na Jami'ar Yawunde ya shirya taron bita a Kumba, inda mahalarta daga ƙasashe dabam-dabam suka fita ƙauyukan yankin suka yi wasa tare da mazaunansu.