Yajin Aikin Masu Sayar da Abinci da Ikon Kora: Dokar Nijar da Halin da Ake Ciki a Gidan Amumune

Tsakure

Maƙalar ta auna ikon da mai kasuwanci yake da shi na korar ma'aikacin da ya nemi ƙarin albashi a sana'ar abincin gaggawa. An ɗora dokar Amurka kusa da ta Nijar, sannan aka duba yadda ake aikin abinci a karkarar Mayahi da Tasawa, musamman Gidan Amumune. Abin da ya bayyana shi ne, a rubuce dokar Nijar ta fi ta Amurka kare ma'aikaci, amma yaron mai shayi da mai wanke-wanken ƴar tuwo-tuwo ba su cin moriyarta, domin ba a lissafa su cikin ma'aikata, kuma ba su da shaidar da za su kai gaban hukuma.

Gabatarwa

Ranar 29 ga Nuwamba 2012 ma'aikata kusan 200 na gidajen abinci irin su McDonald's da Burger King da KFC suka ajiye aiki a birnin New York, suna neman dala 15 a awa da damar kafa ƙungiya. Mafi ƙarancin albashi na tarayyar Amurka a lokacin dala 7.25 ne, kuma tun 2009 bai motsa ba. Ƙungiyar ƙwadago ta SEIU ta mara musu baya, yajin ya bazu zuwa wasu birane, har jihar New York ta amince da dala 15 ga wannan rukuni a 2015, Kalifoniya kuma ta kai nata dala 20 daga Afrilun 2024. Tambayar da ta biyo bayan yajin ita ce: mai gidan abinci yana da ikon sallamar wanda ya fita zanga-zanga? Wannan tambaya ce muka ɗauko zuwa ƙasar Hausa.

Dokoki biyu

A kusan dukkan jihohin Amurka ƙa'idar asali ita ce mai aiki yana iya sallamar ma'aikaci duk lokacin da ya ga dama, ba sai ya faɗi dalili ba, muddin dalilin bai shiga cikin waɗanda doka ta haramta ba. Dokar hulɗar ƙwadago ta 1935, a sashe na 7, ta hana korar ma'aikata saboda sun haɗa kai kan albashi, ko da ba su da ƙungiya. Sai dai Kotun Ƙoli, a shari'ar Mackay Radio ta 1938, ta halatta wa mai kamfani ya ɗauki wasu su maye gurbin masu yajin neman albashi har abada. Ga wanda zai biya kuɗin haya a ƙarshen wata, bambancin kora da maye gurbi na lauyoyi ne kawai. Wannan giɓi ne birnin New York ya toshe da dokar da ta fara aiki a Yulin 2021, wadda ta wajabta wa manyan gidajen abincin gaggawa kawo dalili ingantacce kafin sallama.

Abin da New York ta samu a 2021, Nijar ta daɗe da shi a takarda. Tushensa dokar aiki ta ƙasashen da Faransa ta mallaka ce, ta 15 ga Disamba 1952, wadda gwagwarmayar ƙungiyoyin ƙwadagon Afirka ta Yamma ta haifar, ciki har da yajin ma'aikatan jirgin ƙasa na 1947 zuwa 1948. Nijar ta amince da yarjejeniyoyi masu lamba 87 da 98 na Hukumar Ƙwadago ta Duniya, da kuma mai lamba 158 kan sallama a 1985. Amurka ba ta amince da ko ɗaya daga cikin ukun ba. Yarjejeniya ta 158 ta ce sai da dalili karɓaɓɓe ake sallama, kuma shiga ƙungiya ko kai ƙarar mai aiki ba dalili ba ne. Dokar aiki ta Nijar mai lamba 2012-45, ta 25 ga Satumba 2012, ta bi wannan hanya: ta amince da yajin aiki, ta kuma hana korar wakilin ma'aikata sai da izinin sufeton aiki. Mafi ƙarancin albashi, wanda ya tsaya kan sefa 30,047 tun 2012, daga baya an ɗaga shi zuwa 42,000.

Gidan Amumune

Gidan Amumune ƙaramar hukumar karkara ce a gundumar Mayahi, jihar Maraɗi, ƙasar gero da wake da gujiya. Babu McDonald's a nan, amma abincin gaggawa yana nan birjik a ranar kasuwa da bakin tasha: mai shayi da burodi, mai tsire da balangu, mai ƙosai da masa, mai shinkafa da wake, mai fura. A bayan kowane tebur akwai hannun da ba a ƙirgawa, wato mai ɗebo ruwa, mai hura wuta, mai wanke kwanoni, yarinya mai talla. Littafin Barbara Cooper kan aure a Maraɗi (1997) ya nuna yadda sayar da dafaffen abinci ya zama babbar hanyar samun kuɗin mata a wannan jiha, kuma galibin masu taya su aiki ƴaƴansu ne ko ƴaƴan riƙo. Wanda ke aiki a hannun innarsa ba ya kiran abin da ake ba shi albashi, balle ya yi yaji a kansa.

Inda babu dangantakar jini, tsarin ubangida da yaro ne yake aiki, irin wanda Emmanuel Grégoire ya bayyana a littafinsa kan Alhazan Maraɗi (1986). Yaro yana samun abinci, da wurin kwana a rumfa ko shago, da ɗan kuɗin kashewa, da fatan wata rana maigida zai sallame shi da jari ya kafa teburinsa. Wannan fata ita ce ainihin albashin, kuma ita ce abin da ake asara idan aka ɗaga murya. Shi ya sa kora a nan ta fi ta New York ciwo: rana ɗaya mutum ya rasa abin ci da makwanci da shekarun da ya yi yana jiran jari, sannan sunansa ya ɓaci a tashar da kowa ya san kowa. Tuhumar da aka fi jifa da ita kuwa ita ce rashin kunya ko taɓa ciniki, ba neman ƙari ba.

Albert Hirschman (1970) ya raba martanin wanda bai gamsu ba gida biyu: ya yi magana, ko ya fice. Ma'aikatan New York magana suka yi. A karkarar Mayahi ficewa ce makamin, kuma ƙarfinta yana bin yanayi. Da rani, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, samari sukan watsu ci-rani zuwa Maraɗi da Katsina da Kano da Agadas, masu neman aiki su yi yawa, maigida ya yi yadda yake so. Da saukar damina kowa ya koma gona, kuɗin ƙwadagon noma ya tashi, sai maigida ya koma lallashi. A ganin mai wannan nazari, wannan ciniki ne na albashi na gaskiya, ko da yake babu wanda ya ɗaga kwali; kuskure ne mai bincike ya ɗauki rashin zanga-zanga a matsayin gamsuwa.

Ya kamata a yi wa masu teburin adalci. Mai shayin da ribarsa ta yini ba ta taka kara ta karya ba, ba zai iya biyan 42,000 a wata ba, ko da sufeto ya tsaya a kansa. Najeriya ta fito fili ta amince da haka: dokar mafi ƙarancin albashinta, wadda ta kai naira 70,000 a 2024, ta tsame wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba. A Amurka ana iya bin ribar har zuwa uwar kamfani, kamar yadda hukumar hulɗar ƙwadago ta gwada yi da McDonald's a 2014. A Gidan Amumune babu uwar kamfani a bayan mai tsire.

Matsalar shaida

Ofishin sufeton aiki na jiha yana Maraɗi, kuma kuɗin motar zuwa da dawowa na iya cinye bashin da ake bi. Saboda haka rigimar kan tsaya gaban sarkin tasha, ko sarkin fawa, ko maigari, waɗanda sulhu suke nema, kuma sau da yawa abokan zaman maigidan ne. Ƙungiyoyin ƙwadago irin su USTN da CDTN ƙarfinsu yana cikin ma'aikatan gwamnati da manyan kamfanoni, ko da yake tarihi ya nuna ba dole ne abin ya tsaya nan ba: Djibo Bakary ya gina ƙungiyoyinsa da jam'iyyar Sawaba a shekarun 1950 a kan ƙananan ma'aikata da talakawan birni, kamar yadda Klaas van Walraven (2013) ya nuna.

Sashe na 9 na yarjejeniya ta 158 ya ce kada a ɗora wa ma'aikaci shi kaɗai nauyin tabbatar da cewa an kore shi ba bisa ƙa'ida ba. Kafin a kai nan, sai an fara tabbatar da cewa an ɗauke shi aiki, da nawa, tun yaushe. Shawarar Hukumar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 204 ta 2015, kan shigar da ƙananan sana'o'i ƙarƙashin doka, ta buɗe ƙofar matakai masu sauƙi. Wanda ya fi dacewa da kasuwannin Mayahi da Tasawa shi ne a faɗi lada da wa'adin sallama a gaban shaidu biyu ranar da aka ɗauki yaro, a rubuta a littafin sarkin tasha da boko ko ajami, kuma ƙaramar hukuma da sufeton aiki su karɓi wannan littafi a matsayin hujja.