Ƙorafi ko Ficewa: Muhawarar Magoya Bayan Jam'iyyar Democrat kan Yaƙin Gaza a Zaɓen Amurka na 2024

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci saɓanin da ya ɓarke tsakanin Larabawa da Musulmin jihar Michigan, waɗanda suka daɗe suna mara wa jam'iyyar Democrat baya, game da manufar gwamnatin Joe Biden kan yaƙin Gaza. Maƙalar ta nuna cewa ba su yi jayayya a kan manufar kanta ba, domin akasarinsu sun yi ittifaƙi a kan ƙin ta; abin da ya raba kawunansu shi ne yadda ya kamata mai ƙuri'a ya yi da jam'iyyar da ta toshe kunnenta.

Shimfiɗa

An daɗe ana ɗauka a fagen nazarin siyasar Amurka cewa manufar ƙasashen waje, wato tsarin da gwamnati ke bi wajen hulɗa da wasu ƙasashe ta fuskar yaƙi da sulhu da ciniki da tallafi, ba ta cika tasiri a rumfar zaɓe ba. Gabriel Almond ya kafa wannan ra'ayi a 1950, inda ya ga cewa hankalin talakan Amurka kan al'amuran duniya yakan tashi ya kwanta kamar yanayi. A 1989 John Aldrich da abokan aikinsa suka ƙalubalanci wannan fahimta, suka nuna cewa masu zaɓe suna da ra'ayi a kan harkokin waje, kuma sukan yi aiki da shi idan 'yan takara suka bambanta a fili. Sai dai abin da ya fi dacewa da Michigan shi ne tunanin Philip Converse na 1964 game da rukunin masu batu guda, wato ƙaramin gungun jama'a da wani al'amari ɗaya ya shafa sosai, har suna auna kowane ɗan takara da shi ko da sauran al'umma ba su damu ba.

Birnin Dearborn na jihar Michigan, wanda ke maƙwabtaka da Detroit, misali ne na irin wannan rukuni. Masana'antar motocin Ford ce ta fara jawo baƙi daga Labanan da Yaman tun farkon ƙarni na 20, daga baya yaƙe-yaƙen Labanan da Iraƙi suka ƙaro wasu, har ƙidayar 2020 ta nuna cewa fiye da rabin mazauna birnin asalinsu daga Gabas ta Tsakiya ne ko Arewacin Afirka. Ga mutumin da ke da iyaye a Bint Jubail, labarin ruwan bama-bamai a kudancin Labanan labarin gida ne, kuma tallafin soja na dala biliyan 3.8 da Amurka ke ba Isra'ila duk shekara, bisa yarjejeniyar da aka ƙulla a 2016 zamanin Barack Obama, kuɗi ne da yake ganin harajinsa na ciki.

Matakin ƙorafi

Albert Hirschman ya bayyana a 1970 cewa wanda ƙungiyarsa ta ɓata masa rai yana da hanyoyi biyu: ko ya zauna a ciki ya ɗaga murya, ko ya tattara nasa ya fice, kuma biyayyar da yake yi wa ƙungiyar ce ke jinkirta ficewar muddin yana da fatan za a saurare shi. Magoya bayan Democrat a Michigan da hanya ta farko suka soma. A zaɓen fid da gwani na 27 ga Fabrairun 2024, wata gwagwarmaya da Layla Elabed, ƙanwar 'yar majalisa Rashida Tlaib, ta kasance cikin jagororinta, ta nemi jama'a su dangwala a gurbin da ke nuna rashin ɗaure wa kowane ɗan takara, wanda dokar jihar ta tanada a takardar ƙuri'a. Masu shirin sun sa wa kansu burin ƙuri'a 10,000, adadin da ya yi kusa da ratar da Donald Trump ya ci jihar da ita a 2016, amma suka samu sama da 100,000, kimanin kashi 13 cikin ɗari. Mako guda bayan haka, irin wannan ƙuri'a ta kai kusan kashi 19 a Minnesota.

Ya kamata a lura cewa wannan mataki na masu biyayya ne, domin babu kujerar da jam'iyya ta rasa saboda shi, gargaɗi ne kawai da aka yi a cikin gida tun akwai sauran lokacin gyara. Janyewar Biden a ranar 21 ga Yuli da tsayawar mataimakiyarsa Kamala Harris sun farfaɗo da fatan wasu. A babban taron jam'iyya na Chicago a watan Agusta, wakilai kimanin 30 na wannan gwagwarmaya sun gabatar da buƙatu biyu masu bambancin nauyi: a dakatar da aika wa Isra'ila makamai, kuma a ba wani Ba'amurke ɗan asalin Falasɗinu 'yan mintuna ya yi jawabi a babban dandali. Buƙata ta farko sauya manufar ƙasa ce, kuma ana iya fahimtar dalilin da mataimakiyar shugaba mai ci ba za ta amince da ita a tsakiyar yaƙin neman zaɓe ba. Ta biyun kuwa ba ta da tsada ko kaɗan, musamman da yake an ba iyayen wani Ba'amurke da Hamas ke garkuwa da shi damar magana, kuma babu wanda ya ce ba su cancanta ba. An ƙi amincewa, wakilan suka kwana a zaune a ƙofar zauren. A ra'ayin wannan nazari, nan ne jam'iyyar ta tafka babban kuskurenta, domin ta raba masu kare ta a masallatai da majalisun unguwa da hujja guda da suke riƙe da ita, wato cewa zama a ciki yana sa a ji muryar mutum.

Rabuwar kawuna

Daga Satumba muhawarar ta kasu uku. Jagororin gwagwarmayar sun ƙi ayyana goyon baya ga Harris, amma suka yi kira da a guji Trump, suka kuma ja kunne kan jefa wa ƙananan jam'iyyu ƙuri'a. Hujjarsu ita ce Trump ne ya hana 'yan wasu ƙasashen Musulmi shiga Amurka a 2017, shi ne kuma ya mayar da ofishin jakadancin ƙasar Birnin Ƙudus a 2018, don haka ba a gudun ruwa a faɗa rijiya. Kashi na biyu suka ce ƙuri'ar da ba a taɓa janyewa ba ta da daraja a idon ɗan siyasa, kuma hukunta jam'iyya sau ɗaya ya fi gargaɗi sau goma, saboda haka suka karkata ga Jill Stein ta jam'iyyar Green, duk da sanin ba za ta ci ba. Kashi na uku, wanda ya haɗa da magajin garin Hamtramck na lokacin, Amer Ghalib, suka rungumi Trump bisa alkawarinsa na kawo ƙarshen yaƙe-yaƙe, wasunsu kuma dama sun riga sun ɓata da Democrat a kan tarbiyyar yara da littattafan makaranta. Massad Boulos, ɗan kasuwa ɗan asalin Labanan da ya shafe shekaru yana harkar motoci a Najeriya, wanda ɗansa ke auren 'yar Trump, yana cikin waɗanda suka yi ta zarya a Michigan suna zawarcin wannan kashi.

Abubuwa biyu suka ƙara wa masu ficewa ƙarfi. Hare-haren Isra'ila a Labanan daga ƙarshen Satumba sun kai zaman makoki cikin gidajen Dearborn kansu, sannan Harris ta riƙa yawon kamfe da Liz Cheney, wadda sunan mahaifinta ke tuna wa 'yan asalin Iraƙi mamayar 2003. Shi kuwa Trump ya taka ƙafarsa zuwa Dearborn a ranar 1 ga Nuwamba. Wannan al'umma ba yau ta fara sauya sheƙa ba: da yawansu George W. Bush suka zaɓa a 2000, kuma yaƙin Iraƙi da tsauraran dokokin tsaro ne suka kora su zuwa Democrat.

Sakamako da iyakarsa

Biden ya samu kusan kashi 69 na ƙuri'un Dearborn a 2020. A 2024 Trump ya samu kimanin kashi 42, Harris 36, Stein 18, alhali Rashida Tlaib, wadda 'yar Democrat ce, ta lashe birnin a takarar kujerar majalisa ba tare da wahala ba, abin da ke nuna cewa manufa aka hukunta, ba a yi watsi da jam'iyyar baki ɗaya ba. Duk da haka, kuskure ne a ce Gaza ce ta kayar da Harris. Trump ya ci Michigan da ratar ƙuri'a kimanin 80,000, wadda asarar Dearborn ita kaɗai ba ta kai ba, kuma ya lashe dukkan jihohi bakwai da ake tababa a kansu, ya tashi da wakilan zaɓe 312, Harris na da 226. Ko da wakilan Michigan 15 sun koma gare ta, sakamakon ba zai sauya ba, domin tsadar rayuwa da batun baƙin haure sun fi yin tasiri a faɗin ƙasar.

Abin da ya biyo baya ya ba kowane ɓangare abin kafa hujja. Yarjejeniyar tsagaita wuta a Gaza ta fara aiki a ranar 19 ga Janairun 2025, kwana ɗaya kafin rantsar da Trump, masu goyon bayansa suka ce matsin lambarsa ce ta haifar da ita. Bai cika wata guda a ofis ba ya ba da shawarar Amurka ta karɓe Gaza a kwashe mazaunanta zuwa wasu ƙasashe, har wata ƙungiyar Larabawa da ta yi masa kamfe ta cire sunansa daga nata, kuma a watan Maris Isra'ila ta koma kai hare-hare.