Tarihin Likitancin Ƙwaƙwalwar Yara da Matasa

Likitancin ƙwaƙwalwar yara da matasa reshe ne na aikin likita da ke kula da matsalolin tunani, ɗabi'a da bunƙasar hankalin yaro, daga ƙuruciya zuwa wajen shekara 18. Abin da ya raba shi da na manya tun asali shi ne yaro ba ya kai kansa asibiti. Wani ne ke riƙo hannunsa, alƙali ko malamin makaranta ko uwa, kuma koken wanda ya kawo shi likita ke fara ji.

A ƙarni na 19 likitocin Turai da dama na ganin yaro bai mallaki hankalin da zai taɓu ba. Henry Maudsley na Ingila ya ware babi guda kan taɓin hankali a ƙuruciya cikin littafinsa na 1867, sannan a 1887 Bajamushe Hermann Emminghaus ya fitar da littafi sukutum kan batun. Amma a bakin kotu sana'ar ta fara tsayawa da ƙafarta. Bayan buɗe kotun yara ta farko a Shikago a 1899, alƙalai suka rasa yadda za su yi da yaran da ake ta maido musu kan sata da gudu daga gida. A 1909 likita William Healy ya buɗe cibiyar bincikar irin waɗannan yara kafin a yanke musu hukunci. Daga nan asibitocin shiryar da yara suka bazu a Amurka cikin shekarun 1920, kowanne da mutum uku: likitan ƙwaƙwalwa, masanin halayya mai gwada basirar yaro, da jami'in jin daɗin jama'a da ke zuwa har gida ya ga inda yaron ke kwana. Emanuel Miller ya buɗe irinsa a gabashin Landan a 1927.

A 1930 Leo Kanner ya kafa sashen ƙwaƙwalwar yara a asibitin Johns Hopkins na Baltimore, a 1935 kuma ya wallafa littafin koyarwa na farko kan fannin cikin Ingilishi. Taron duniya na farko na masu wannan aiki a Faris aka yi shi a 1937, Georges Heuyer ne ya jagoranta. A shekarar ce Charles Bradley, a wani gidan jinyar yara a Rhode Island, ya ba yara 30 ƙwayar Benzedrine don ciwon kai. Ciwon kan bai tafi ba, amma kusan rabinsu suka nutsu a aji, har yaran suka laƙaba mata suna ƙwayar lissafi. Sai da aka shafe shekaru kafin a waiwayi wannan bincike, wanda shi ne tushen magungunan da ake ba yara masu yawan ƙiriniya da rashin nutsuwa a yau.

Yaƙin Duniya na Biyu ya bar wa sana'ar tabo. A asibitin Spiegelgrund na Viyana, likitoci a ƙarƙashin mulkin Nazi sun kashe yara kusan 800 masu nakasa. A Landan kuwa Anna Freud tana renon yaran da bama-bamai suka raba da iyayensu, kuma a 1951 John Bowlby ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto kan illar raba ƙaramin yaro da mahaifiyarsa.

Wannan mayar da hankali kan uwa sai ya zama mata sanda. A 1943 Kanner ya bayyana yara 11, maza takwas mata uku, masu larurar otizim, wadda wasu ke kira galahanga: yaro ya wuni yana juya murfin tukunya, mahaifiyarsa ta shigo ɗaki ko kai ba zai ɗaga ba. Kanner ya yi tsokaci cewa iyayen ba su da sakin fuska, Bruno Bettelheim kuwa ya ɗauki zancen ya yayata cewa rashin ƙaunar uwa ne musabbabi. Shekara kusan 30 mata na ɗauke da laifin da ba nasu ba, kuma daga bakin waɗanda suka je wurinsu neman taimako. A 1977 ne Susan Folstein da Michael Rutter suka bincika tagwaye 21 suka nuna ƙarfin gado a larurar. Rutter ɗin nan ne ya faro ƙidayar matsalolin yaran makaranta a tsibirin Wight a 1964, ya kuma zama farfesan fannin na farko a Birtaniya a 1973.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa rabin larurorin ƙwaƙwalwa kan fara ne kafin shekara 14, amma ƙwararrun fannin ƙalilan ne a Afirka. Farfesa Olayinka Omigbodun ta Jami'ar Ibadan, wadda ta kafa cibiyar horar da ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwar yara a can, ta shugabanci ƙungiyar duniya ta masu wannan fanni, IACAPAP, daga 2010 zuwa 2014, 'yar Afirka ta farko a kujerar. A Janairun 2023 aka sanya hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958. A ƙasar Hausa har yanzu yaron da ya daina magana ko yake firgita cikin dare galibi yakan biya ta wurin mai ruƙiyya ko mai maganin gargajiya kafin a riƙo hannunsa zuwa asibiti.