Asalin 403 Forbidden

Ka ɗora fayilolinka a saba, ka buɗe shafin, sai ga 403 Forbidden. Kafin ka zagi Apache, ka sani sau da yawa dokar da ta tare ka ta girme shi da shekara sama da 20.

A 1969 Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara Unix a Bell Labs, Amurka. Lokacin mutane da yawa ke raba kwamfuta ɗaya, kamar gidan haya, dole kowane fayil a san mai shi. Umarnin chmod yana nan tun bugun farko na 1971. Daga baya aka kasa mutane uku: mai fayil, rukuninsa, sai sauran jama'a. Karantawa 4, rubutawa 2, gudanarwa 1, sai a tara.

Linux ya gaji tsarin a 1991, Apache ya zo a 1995 ya tarar da shi. Ko wayoyin Android da nake gyarawa a shago, shi ke ciki.

To a Ubuntu, Apache da sunan www-data yake aiki, baƙo ne a wajen fayilolinka. Ba folda 755, fayil 644, ya samu ya karanta. Wanda ya ce ka sa 777, cire ƙofar ɗakinka ya sa ka yi, don duk mai asusu a sabar zai iya sauya maka fayil.